Tambayoyi da amsoshi kan saita na'urar gudu ta motar rimot ga masu tsere a cikin ɗaki

Tambayoyin nan su ne waɗanda samari suka fi kawo mini a shagon gyaran waya da rediyo, tun da tseren motocin rimot ya fara shiga garuruwanmu na tsakanin Ɗanbatta da Kazaure. Filin tserenmu ba wani na musamman ba ne. Sito ne da aka kwashe hatsi, ko gidan kallon ƙwallo da hantsi kafin a kunna talabijin, ko ɗakin taro da aka ara. Ƙasa daɓen siminti, sama rufin kwano, gefen hanya kuma tiyo ne ko bututun roba. A kan irin wannan wuri na gina duk amsoshin, wanda ya samu kafet na gaske sai ya yi gyara daidai da nasa.

Wai mece ce na'urar gudu, kuma mene ne aikinta a cikin mota?

'Yar akwati ce mai wayoyi, tana zaune tsakanin batir da inji. ESC za ka ga an rubuta a jikin kwalinta. Wayoyi biyu masu kauri suna zuwa batir, biyu ko uku suna zuwa inji, siririya guda kuma tana shiga risiba, wato ɗan abin da ke karɓar saƙon rimot a cikin mota. Idan ka ja kunamar rimot, risiba ta kai mata saƙo, ita kuma ta yanke yawan wutar da za ta sakar wa inji. Yadda take yi shi ne ta kunna wuta ta kashe sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. In lokacin kunnawa ya rinjayi na kashewa, mota ta ƙara gudu, in ya gaza sai ta lafa. Birki ma ita ce ke yi, domin motocin lantarkin nan ba su da birki a jikin taya. Wayoyin injin take haɗewa, injin ya yi nauyin juyawa. Ita ce kuma ke rage wutar batir ta ciyar da risiba da ɗan injin sitiyari.

Kowace mota ake iya saitawa?

A'a. Motar wasan yara da ake saya a kasuwa, wadda ba ta san komai ba sai gaba da baya, babu abin saitawa a cikinta. Sai masu matsakaicin kuɗi irin WLtoys 144001 da K989, waɗanda aka haɗa musu risiba da na'urar gudu a allo ɗaya. Su abin da kake da shi kawai shi ne ɗan murɗin rage gudu da ke jikin rimot, kuma kada ka raina shi, a ƙaramin ɗaki ya fi ƙarfin rabin aikin. Motocin Traxxas suna da tsarin koyo da ke rage ƙarfi zuwa rabi. QuicRun 1060 ta kamfanin Hobbywing, wadda ake haɗawa da inji mai burushi (wato mai 'yan gawayi a ciki da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa), da 'yan filogi ake zaɓar mata nau'in batir da tsarin ribas, shi ke nan. Cikakken saiti an fi samunsa a na'urorin inji marar burushi, na Hobbywing ko Tekin ko LRP ko Castle da makamantansu. Waɗannan ana shiga cikinsu da katin saiti, ko da kwamfuta, wasu da waya ta manhaja.

Oga, na kwafi saitin wani gwanin Turai daga bidiyo tsaf, amma motata sai katantanwa take yi a kwana. Ina matsalar?

Matsalar tana ƙarƙashin tayarka, ƙanena. Mutanen nan a kan kafet ɗin da aka tanada don wannan wasa suke tsere, a ɗakin da babu ƙura, kuma da yawansu suna shafa wa taya sinadarin da ke sa roba ta yi danƙo. Kamun ƙasa a wurinsu ya kai har mota takan kife a kwana saboda taya ta ƙi zamewa. Duk ƙarfin da inji ya bayar, ƙasa tana karɓa. Kai kuwa kana kan siminti mai sulɓi, ga garin ƙura da dusar hatsi a kai. Ƙarfin da taya ta kasa kaiwa ƙasa ba ya zama gudu, zafi yake zama da asarar batir. Dubi mai babur idan ya shiga rairayi: da ya murɗe totur gaba ɗaya, tayar baya za ta tona rami, gindin babur ya gilma, wanda ya bi a hankali ya wuce shi.

Sannan ga girman wuri. Miƙaƙƙiyar hanyarsu doguwa ce, mota tana samun sararin kai ƙarshen gudunta. A sitonmu kafin ta kai rabin gudu bango ya tare ta. Tseren irin namu a bakin kwana ake cin sa, wajen shiga da wajen fita. Saboda haka kusan duk abin da za ka ji na ce a ƙasa, ragewa ne da tausasawa. Samari ba sa son jin haka, domin mota mai ihu da fizga ita ke sa 'yan kallo shewa. Agogo ne ke raba gardamar.

Da me ake farawa kafin a taɓa kowane saiti?

Da gabatar da rimot ga na'ura, ta san inda firi yake, inda ƙarshen totur yake, da inda ƙarshen birki yake. Duk wanda ya tsallake wannan, a kan iska yake gini. Ɗora motar a kan bulo, tayoyi huɗu su bar ƙasa. Kunna rimot tukuna. Mayar da ɗan gyaran totur na rimot zuwa sifili, iyakar totur da ta birki kuma su zama 100. A na'urorin Hobbywing ana danne maɓallin saiti a kunna, a saki idan fitila ta fara ƙiftawa, sannan a danna sau ɗaya kunama tana firi, sau ɗaya an ja ta duka, sau ɗaya an tura ta duka. Sauran kamfanoni suna da nasu jerin, ka bi takardar da ta zo cikin kwali. Duk ranar da ka sauya rimot ko risiba, sai an sake.

Mece ce zabura, kuma a nawa zan ajiye ta?

Zabura, wato fonc, ita ce saurin da na'ura ke sakin wuta idan ka fizgi kunama. Ba ta ƙara wa mota gudun ƙarshe ko kaɗan. Mota mai zabura 2 da mai zabura 9 duk gudu ɗaya za su kai in hanya ta yi tsawo, bambancinsu yana cikin ƙiftawar farko. Wasu na'urorin matakai 1 zuwa 9 gare su, manya na tsere irin XeRun XR10 Pro kuwa har 30.

A kan siminti ka fara daga ƙasa, kamar 2 ko 3 cikin 9. Tsayar da motar a farkon miƙaƙƙiyar hanya, ka ja kunama duka, ka kasa kunne. Idan ihun inji ya riga motar tafiya, taya ce ke wulwulawa a banza. Wani lokaci ma za ka ga 'yar ƙura ta tashi a baya, hancin motar ya karkata gefe guda. Ka rage. Idan ta tashi a miƙe ba gardama, ƙara mataki ɗaya ka sake gwadawa, har ka kai inda ta fara sulɓewa, sai ka koma baya mataki guda ka zauna a nan.

Akwai wani abin da zabura mai yawa ke haifarwa wanda mutane ke ɗora wa rimot laifi. Tana zuƙar wuta da yawa lokaci guda, in batir ya tsufa sai ƙarfinsa ya faɗi na ɗan lokaci, risiba ta ɗauke, sitiyari ya yi fizge-fizge. Kafin ka ce rimot ya lalace, rage zabura, ka kuma duba ko kafasitar da ke like a wayoyin batir na na'urar tana nan lafiya.

In rimot ɗinka yana da saitin lanƙwasa totur, sa rabin farko na kunama ya yi laushi. Yatsa zai samu wurin wasa a tsakiyar kwana.

Na ga wani wuri mai lambobi 2K, 8K, 16K. Na mene ne?

Yawan kunnawa da kashewa ne a daƙiƙa ɗaya, 8K na nufin sau 8,000. Ƙaramar lamba tana sa mota ta yi tsauri da fizga a farkon totur. Babbar lamba tana sa ta yi santsin tafiya, amma na'urar kanta tana ƙara ɗumi. Ga daɓe mai sulɓi na fi son a ɗan hau sama, muddin fankar na'urar tana aiki. Birki ma yana da irin wannan lamba tasa, kuma ƙa'idar ɗaya ce: ƙarama ta cije da ƙarfi, babba ta kama a hankali.

Birkin saki fa? Wasu sun ce a kashe shi, wasu sun ce a cika.

Birkin saki, wato dirag, shi ne ɗan birkin da na'ura ke takawa da kanta duk lokacin da ka saki kunama ta koma firi. Inji mai burushi dama yana da nauyin kansa, da ka saki sai mota ta lafa. Marar burushi kuwa gangarawa yake yi, shi ya sa wannan saiti yake da amfani a gare shi.

Amfaninsa ba rage gudu kaɗai ba ne. Idan mota ta ɗan ja birki, nauyinta yana zubowa kan tayoyin gaba, su danne ƙasa, hanci ya shiga kwana da sauƙi. In ya yi yawa, baya ya yi sakayau, ya juyo ya wuce gaba. To daga nan za ka karanta motarka. Ka saki kunama a bakin kwana, motar ta ƙi lanƙwasa, tana tura hanci waje zuwa tiyo? Ƙara kashi 2 zuwa 5. Ka saki sai gindinta ya fara kaɗawa tun kafin ka murɗa sitiyari? Rage.

Mota mai jan taya huɗu tana ɗaukar birkin saki fiye da mai jan baya kaɗai, domin birkin nata a taya huɗu yake rabuwa. Ita mai jan huɗu ka fara da kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Mai jan baya ka fara daga sifili zuwa 5, tunda tayoyin baya ne kawai ke riƙewa, su ne kuma ba ka so su kuɓuce. A ganina, a ɗaki mai kwanoni a matse ɗan birkin saki alheri ne, musamman ga sabon hannu da bai iya tura kunama a kan lokaci ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai shi kashi 30 ko 40 don gudun koyon birki. Motar za ta riƙa tsayawa a tsakiyar kwana, na bayanka ya hau ta, injin kuma ya yi ta dahuwa, domin kowane birki a cikin inji yake zama zafi.

Ƙarfin birki ai gara 100, ko?

A kan kafet wataƙila. A kan siminti 100 kulle tayoyi yake yi, taya da ta kulle kuwa ba ta jin sitiyari, zamewa kawai take har ta gaisa da bango. Ja layi da alli a ƙasa, ka zo da cikakken gudu, ka taka birki a kan layin, ka sa alama inda ta tsaya. Rage kashi 10 ka sake. Sau da yawa za ka ga tazarar tsayawa ta ragu duk da ka rage birkin. Inda ta fi tsayawa kusa kuma a miƙe, nan ne naka. Na fi son a bar na'ura a sama a riƙa ragewa daga rimot, don daɓen safe da na yamma ba ɗaya ba ne, kuma gyara daga rimot ba ya bukatar buɗe mota.

Taimin, bus da tobo: su ne sirrin gudun da ake faɗa?

A cikin inji marar burushi, maganaɗisu ne ke juyawa a tsakiya, kwayil uku suna kewaye da shi. Na'ura tana tura musu wuta bi da bi, kowanne ya ja maganaɗisun zuwa gaba. Taimin shi ne a tura wutar da wuri, kafin maganaɗisun ya iso inda aka saba. Injin yana ƙara yawan juyi, amma yana ƙara shan wuta da zafi.

Wuri uku ake ƙara shi. Na farko a jikin injin kansa, a murfin baya inda aka zana digiri, ana sassauta sukurori a murɗa. Na biyu bus, wanda na'ura ke ƙarawa a hankali yayin da juyin inji ke hawa. Na uku tobo, wanda ba ya shigowa sai an ja kunama har ƙarshe, an kuma riƙe na ɗan lokacin da aka saita.

Yanzu ka auna da ɗakinmu. Tobo zai shigo ne daidai lokacin da ya kamata ka fara birki. Bus kuma zai ƙaro ƙarfi a tsakiyar fita daga kwana, inda taya ke lallaɓa ƙasa da ƙyar. Na sha ganin motar da aka cika wa su biyun tana ƙara kamar za ta tashi sama, wani yaro da tsohuwar mota marar taimin yana zagaye ta. Ka mayar da su sifili. Ba ƙauyanci ba ne: ƙungiyoyin da ke tsara wannan wasa, ROAR a Amurka, BRCA a Birtaniya da EFRA a Turai, suna da rukunan tsere da aka haramta wa na'ura ƙara taimin gaba ɗaya. Ana kiran tsarin bilinki, saboda fitilar na'urar tana ƙiftawa a firi don alƙalai su gani da ido. Har akwai na'urar da aka ƙera ba ta iya ƙara taimin ko an so, irin XR10 Justock.

Injina yana zafi har ba ya taɓuwa. Wane saiti zan rage?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ƙasarmu. Bayan minti 5 na tsere, wanda shi ne tsawon zagayen gasa na yawancin motocin lantarki masu girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, jikin inji bai kamata ya wuce digiri 70 na Selsiyos ba. Idan ya doshi 80 zuwa sama, maganaɗisun ciki yana fara rasa ƙarfi, kuma ba ya dawowa ko injin ya huce. Daga ranar za ka ji motar ta yi sanyin jiki, ka yi ta zargin batir. Na'urori da yawa na Hobbywing suna yanke wuta idan su kansu suka kai 105, kada ka kashe wannan kariya.

Ga lissafin da masu kwafar saitin waje ba sa yi. Wanda ke tsere a ɗakin da iskarsa take digiri 20 yana da sararin digiri 50 kafin ya kai 70. Kai a watan Afrilu, ƙarƙashin kwano da rana tsaka, iskar da ke shiga motarka ta kai 40 ko ta wuce. Sararinka 30 ne kacal. Saitin da yake lafiya a wurinsa, kai gasa maka inji zai yi.

Fara da cire duk taimin. Sai giya: sa ƙaramin giyan da ke kan inji ya ragu da haƙori ɗaya ko biyu. Misali motar Tamiya TT-02, babban giyanta haƙora 70, ƙaramin 22, lissafin sauran giyoyin da ke cikinta kuma 2.6. Raba 70 da 22 ka ninka da 2.6, za ka samu 8.27, wato inji ya juya sau 8.27 kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka sa mai haƙora 19, lissafin ya koma 9.58. Gudun ƙarshe ya ragu, wanda dama ba ka kai wa a ɗaki, nauyin da ke kan inji ya yi sauƙi. Bayan giya ka rage birkin saki. Sannan ka cire ƙaramin giyan ka tura motar da hannu: in ba ta gangara da kanta ba, akwai boris da ƙura ta cinye ko zare da ya naɗe a gatari, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Wajen mayar da giya, saka 'yar siririyar takarda tsakanin haƙoran biyu, ka matse ka ɗaure, ka zare takardar. Ɗan sararin da ta bari shi ake so.

Ma'aunin zafi mai kama da bindiga shi ne abin aunawa. Irin na goshi da aka yi ta amfani da shi lokacin korona ba ya karanta zafin inji sai in yana da maɓallin auna jikin kaya. In babu, ɗora yatsa: kasa riƙewa na daƙiƙa uku alama ce ta a huta. Da bazara kuma gara a yi tseren da sassafe ko bayan la'asar sakaliya.

Motata tana kakkarwa kafin ta tashi daga tsaye.

Injin marar sensa ne, ko kuma wayar sensar ta zare. Marar sensa ba ya sanin inda maganaɗisu yake sai ya fara juyawa, shi ya sa yake lalube a farko. A fili babba ba a damuwa, amma a ɗakin da kowace kwana sai ka kusa tsayawa, abin yana ci wa mutum rai. Mai sensa yana da wata lallausar waya mai zare shida tsakanin inji da na'ura. Duba bakinta, ƙura tana son wurin. Ka kuma lura: a mai sensa wayoyi uku masu kauri dole A ta tafi A, B ta tafi B, C ta tafi C. Dabarar musanya waya biyu don juya inji ta marar sensa ce kawai.

Wane inji ya dace da ƙaramin ɗaki?

Lambar da ke jikinsa mai harafin T yawan naɗin waya ce. Ƙaramar lamba ta fi gudu: 13.5T ya fi 17.5T, shi kuma ya fi 21.5T. Ga sito ko aji, 21.5T ya wadatar, 17.5T kuma shi ne iyaka. In ɗakin ƙarami ne ƙwarai, motar ma gara ƙarama, irin Mini-Z da kamfanin Kyosho na Japan ya fito da ita a 1999, mai aiki da ƙananan batura huɗu.

Ana cikin tsere sai ƙarfi ya ɗauke, bayan ɗan lokaci ya dawo.

Ɗayan biyu ne: kariyar zafi, ko kariyar batir. Batirin LiPo mai sel biyu yana cika a 8.4V, wato 4.2V kowane sel. In aka zuƙe shi ƙasa da 3.0V a sel, ya lalace, wani lokaci ya kumbura. Na'ura tana da iyakar da take rage wuta in an kai. Ajiye ta a 3.2V kowane sel, wato 6.4V gaba ɗaya. Idan batir a cike yake amma tana yankewa da ka ja kunama, batirin ya gaji ne, ko filoginsa ya yi sako-sako, ko dalmar da aka like waya da ita ba ta kama ba. Wanda ke amfani da batirin NiMH mai 7.2V ya tabbatar ya zaɓa wa na'ura nau'insa, in ba haka ba za ta yanke da wuri. Kashe kariyar don a ƙarasa tsere kuwa, tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

A bar ribas ko a cire?

A wajen koyo a bar shi, a rage ƙarfinsa zuwa kashi 25. A gasa a cire, gaba da birki kawai, haka ake yi a manyan gasanni. Mai ribas yana fitowa daga tiyo da baya ya daki wanda bai ji ba bai gani ba. A sa yara biyu a kusurwa su riƙa ɗaga wadda ta maƙale.

Ban taɓa kunama ba amma mota tana rarrafe.

Faɗin firi, wato ɗan sararin da kunama ke motsi a tsakiya ba tare da na'ura ta saki wuta ba, ya yi kaɗan, ko kunamar ta tsufa ba ta komawa daidai. Sake gabatar da rimot. In bai daina ba, ƙara faɗin daga kashi 6 zuwa 9. Kada ka wuce abin da ake bukata, faɗi mai yawa yana sa totur ya yi jinkirin amsawa.

Malam, yarona yana cajin batirin nan a cikin ɗaki, ga shi ba mu da wutar gwamnati. An ce yana kamawa da wuta. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, Baba, Allah ya ƙara girma, kuma kun kyauta da kuka tambaya. Batirin LiPo in an huda shi, ko an yi masa cajin da ya wuce kima, ko an ci gaba da amfani da wanda ya kumbura, yana iya kamawa, wutarsa kuma mai wuyar kashewa ce. Cajarsa ta musamman ce, mai daidaita sel da sel. Irin iMAX B6 tana karɓar 11V zuwa 18V, don haka batirin mota ko na sola ya ishe ta. Batir mai 5,000mAh kada a ba shi fiye da 5A. A sa shi cikin tukunyar ƙasa da yashi a gindi, a tsakar gida cikin inuwa, nesa da kara da harawa da jarkar fetur, kuma wani ya kasance a kusa har a gama. Ba a kwana ana caji. In za a yi kwanaki ba a taɓa motar ba, a bar kowane sel a wajen 3.8V. Ku kuma ja masa kunne kan jan waya da baƙa: juya su sau ɗaya ya isa ya ƙone na'urar nan take.

Da hunturu sai an sauya saiti?

Sai an sauya. Sanyi yana taimakon inji, amma hazo yana shimfiɗa gari a daɓe ko an rufe tagogi, roba kuma tana taurara da safe. Rage zabura mataki ɗaya, rage birki kaɗan. Abin da ya fi kowane saiti amfani shi ne tsintsiya, sai tsumma mai ɗan danshi, a bari ya bushe sarai kafin a ɗora mota. A wasu filayen kwalta na waje ana fesa ruwan sukari don ƙara danƙo. A siton hatsi wannan gayyatar tururuwa ce, mai sito kuma ba zai sake ba ku makulli ba. Bayan wasa a goge taya, a bi fankar na'ura da tsohon burushin haƙori.

Yaya zan gane gyaran da na yi ya yi amfani?

Kada ka yarda da jin jikinka, mota mai fizga kullum ji ake kamar ta fi gudu. Ba abokinka waya ya riƙe agogo, ka yi zagaye 10, ya rubuta lokacin kowanne. Sauya abu ɗaya tak, ka sake yin 10 da batir mai caji daidai da na farko. Kada ka dubi zagayen da ya fi sauri, dubi jimillar goman da kuma wanda ya fi muni. Saitin da ya ba ka zagaye ɗaya na bajinta da karo biyu da tiyo ya sha kaye a hannun wanda ya ba ka goma masu kama da juna. Ka sani kuma daɓen yana sauyawa da kansa: motoci suna share ƙura daga layin da suke bi, kamun ƙasa yana ƙaruwa. Don haka wani lokaci ka koma tsohon saitin ka sake gwadawa, kada ka yaba wa gyaranka aikin da tayoyin jama'a suka yi. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa ajiye komai: rana, wuri, taya, giya, saiti, zafin inji.

Motocinmu ba iri ɗaya ba ne. Yaya za mu yi tsere ba tare da rigima ba?

Ku zauna ku yi yarjejeniya kafin a kunna ko mota ɗaya. Kowa taimin sifili, a ga fitila tana ƙiftawa. Batir sel biyu, a auna da mita a gaban kowa, kada ya wuce 8.4V. Sannan a jera motocin biyu-biyu a miƙaƙƙiyar hanya, wadda ta tsere wa 'yar'uwarta a rage mata iyakar totur daga rimot har su riƙa isa ƙarshen layi tare. A rubuta lambar da kowa ya tsaya a kai, wani dattijo ko mai wurin ya riƙe takardar, a duba rimot ɗin wanda ya ci bayan an gama.